Yadda Ake Cire Sawun Taya Daga Farin Tayil Na Gareji

Tayil fari ko ruwan madara yana ƙara wa gareji haske da tsari, amma ba ya rufa wa taya asiri. Ba a daɗewa da shimfiɗa shi za a fara ganin baƙaƙen layuka biyu tun daga bakin ƙofa har zuwa inda mota ke tsayawa, sannan ga wasu tabo huɗu ruwan ƙasa daidai inda tayoyin ke kwana. Yawancin mutane suna ɗaukar waɗannan a matsayin datti iri ɗaya, sai su ɗauko abin wanki mafi ƙarfi da ke gidan su dirje su da shi. A nan ake yin ɓarna. Layukan daban, tabon daban, kuma abin da ke cire ɗaya ba lallai ne ya taɓa ɗayan ba.

Da farko ka gane wane irin tabo ne

Baƙin layin da taya ke bari idan an taka birki, ko an murza sitiyari mota tana tsaye, ɓurɓushin robar tayar ce da ta goge ta manne a saman tayil, haɗe da ƙurar hanya, kwalta da maiƙo. Baƙin nata kuwa daga garin kabon yake, wanda ake cuɗa shi cikin roba tun a masana'anta don taya ta yi ƙwari ta jure gugar hanya. Wannan a sama yake zaune. Ko da ya yi muni a ido, shi ne mai sauƙin fita.

Mai wahalar shi ne tabon nan ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya, wanda wani lokaci za ka ga zanen ƙasan tayar ya fito a jikinsa raɗau. Masu ƙera taya suna zuba wasu mayuka da ke sa roba ta yi laushi, da kuma wani sinadari da ake kira 6PPD, wanda ke kare ta daga tsagewa saboda ozon, wata iska da ke cikin iskar sarari mai cin roba. An tsara shi ne ya riƙa fitowa saman tayar a hankali tsawon rayuwarta, kuma idan ya haɗu da iska sai ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa. Shi ya sa gefen tayar da ba a cika wankewa ba yake yin wani ja-ja. To idan mota ta dawo daga tafiya tayoyi da zafi, aka ajiye ta a wuri ɗaya da nauyinta duka a kan faɗin tafin hannu huɗu, zafi da dannawa sukan tura waɗannan sinadarai cikin duk abin da ke ƙarƙashi, in dai yana da ƙofar da za su shiga. Sabuwar taya da taya mai laushi sun fi yin haka.

Gwajin ba shi da wuya. Ka jiƙa farin tsumma da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka murza wurin da yatsa na kamar rabin minti, sai ka duba tsumman. Idan ya yi baƙi, kuma idan ka kankari wurin da gefen tsohon katin filastik wani abu ya ɓamɓaro, to dattin a sama yake. Idan tsumman ya fito fes, wurin kuma sumul yake a ƙarƙashin yatsa amma launin yana nan, tabon ya shiga ciki, kamar yadda tawada ke shiga farin yadi. Sau da yawa za ka tarar da duka biyun a wuri guda: baƙi a sama, ruwan ƙasa a ƙarƙashinsa.

Sannan ka san tayil ɗinka

Wannan ya fi sanin sunan kowane abin wanki muhimmanci. Tayil na tangaran mai ruɓi mai sheƙi a sama, da fosilin, wato tangaran mai tauri da aka gasa a wuta mai tsananin zafi, su ne suka fi haƙuri. Fosilin na gaske ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba, don haka da wuya tabo ya yi nisa a cikinsa. Sai dai akwai wanda aka goge fuskarsa da inji har ya yi ƙyalli. Wannan gugar takan buɗe ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma datti yana maƙalewa a ciki. Mai kaushi, wanda aka yi don kada a zame, shi kuma robar tana cusuwa ne a cikin kwarin kaushin.

Dutse na asali, irin su mabul da farar ƙasa mai tauri, yana shan ruwa kuma asid na cin sa nan take. Sai tayil na filastik masu haɗuwa da juna ta haƙora: akwai masu tauri da ake rubuta wa PP, akwai masu laushi na PVC. Na PVC su ne tabon 6PPD ya fi yi wa illa, za mu zo kansu daban.

In ba ka da tabbas, ka ɗiga ruwa kaɗan a busasshen wuri mai tsabta, ka bar shi minti 10, ka goge. Idan wurin ya yi duhu, tayil ɗin yana sha, sai ka bi shi a hankali kamar dutse.

Kayan aiki

Tsintsiya, bokiti biyu, buroshi mai taurin gashi na nailan, wanda yake da doguwar sanda ya fi don kada baya ya ƙage, ƙaramin buroshi ko tsohon buroshin haƙori saboda layukan simintin da ke tsakanin tayil, fararen tsummoki da yawa, mofa, safar hannu ta roba da tabarau na kare ido. Na wanki kuma: sabulun wanke-wanke na ruwa, sinadarin cire maiƙo da ake wanke ƙasan gareji ko inji da shi, bekin soda, da farin soson melamin, wanda ke goge datti da ruwa kawai. Sauran za su zo a inda ake buƙatarsu. Tsumma ya zama fari ne saboda dalili biyu: ba zai zubar da rini a tayil ba, kuma shi zai riƙa gaya maka ko dattin yana fita.

Mataki na 1: fitar da mota, ka share sosai

Kada ka raina shara. Tsakuwa da yashin da taya ke kwasowa, idan suka shiga ƙarƙashin buroshi, su ne ke karce fuskar tayil, kuma kowane karce sabon maɓoyar datti ne. Ka buɗe ƙofar garejin gaba ɗaya, ka kawar da duk abin da ruwa zai lalata. Idan rana ta gasa daɓen, ka jira ya huce, don abin wanki yana saurin bushewa a kan zafi kafin ya yi aikinsa.

Mataki na 2: jiƙa wurin ka ba shi lokaci

Ka fara da mafi sauƙi. Cokali biyu ko uku na sabulun wanke-wanke a cikin lita 5 na ruwa mai zafi, ka zuba a kan sawun har ya kwanta. Sabon sawu sau da yawa wannan kaɗai ya ishe shi. Idan ya daɗe, sai ka koma ga sinadarin cire maiƙo. Ka karanta jikin robarsa ka tsinka shi yadda aka rubuta. Da yawansu don datti mai nauyi ana zuba kashi 1 ne a cikin kashi 4 zuwa 10 na ruwa. Ka fara gwada shi a wani lungu da ba a gani, bayan ƙofa ko ƙarƙashin kanta, ka ga ko zai dusashe ƙyallin.

Abin da mutane suka fi kuskurewa a nan shi ne gaggawa. Suna zubawa suna gogewa, sai su ce abin ba shi da kyau. Sinadarin yana buƙatar minti 5 zuwa 10 kafin ya narkar da maiƙon da ya riƙe robar a jikin tayil. A wannan tsakanin kada ka bari ya bushe: idan ka ga gefe ya fara ƙafewa, ka ƙara yayyafa masa. In ya bushe, dattin da ya taso zai koma ya kwanta, wani lokaci ma ya bar farin shati. Shi ya sa ya fi kyau ka riƙa yin tayil huɗu zuwa shida a lokaci guda, ba duk garejin ba.

Mai dutsen mabul ya tsallake sinadari mai ƙarfi, ya nemi wanda aka rubuta cewa na dutse ne. Haka kuma a kula kada ruwan ya daɗe a jikin ƙasan ƙofar alminiyam, domin irin waɗannan sinadarai suna dusashe shi.

Mataki na 3: goga, kwashe, ɗauraye, bari ya bushe

Ka goga da buroshin nailan kana zagayawa, sannan ka bi ta tsaye da ta kwance, musamman a tayil mai kaushi. Za ka ga kumfar ta koma ruwan toka, daga nan ta yi baƙi. Kada ka watsa mata ruwa ta bazu a sauran daɓen. Ka kwashe ta da tsumma ko mofa ka matse a bokiti na biyu, sannan ka ɗauraye da ruwa mai tsabta sau biyu. Ragowar sabulu a kan tayil yana barin wani danƙo siriri da ke kama ƙura, har ka ga bayan kwana kaɗan wurin da aka wanke ya fi ko'ina saurin baƙi.

Wannan baƙin ruwan kada a tura shi kwatar da ke gangarawa rafi. A 2020 masu bincike a Jami'ar Washinton ta Amurka suka gano cewa abin da 6PPD ke rikiɗewa ya zama shi ne ke kashe wani nau'in kifin salmon a ƙoramun da ruwan titi ke kwarara cikinsu. A zuba shi a magudanar da ke tafiya ramin ruwan datti na gida.

Ka jira wurin ya bushe ƙarau kafin ka yanke hukunci, don jiƙaƙƙen tayil yana ɓoye tabo. Idan ya ragu amma bai tafi ba, ka maimaita mataki na 2 da na 3. Wanki biyu ko uku da sinadari mai sauƙi sun fi wanki ɗaya da mai zafin da zai ci fuskar tayil.

Mataki na 4: abin gurza mai laushi

Abin da ya rage yanzu yawanci ɗigo-ɗigon baƙi ne da suka maƙale. Ka kwaɓa bekin soda kashi 3 da ruwa kashi 1, ka shafa, ka murza da jiƙaƙƙen tsumma ko soson nailan fari. Ko ka jiƙa soson melamin ka matse, ka riƙa gogawa ba da ƙarfi ba. Wannan soson ba sabulu ne a cikinsa ba, kankara yake yi a hankali, shi ya sa yake ƙarewa a hannu yana gutsurewa. A kan tangaran da fosilin marar ƙyalli yana aiki ƙwarai. A kan mai ƙyalli, da filastik, da mabul, ka gwada a ɓoye tukuna, don yana iya barin wuri dishi-dishi da za ka riƙa gani duk lokacin da haske ya faɗo ta gefe.

Soson ƙarfe da buroshin waya kuwa a ajiye su. Ban da karce, suna barin toka-tokan layin ƙarfe a kan farin tayil, ƙananan gutsattsarinsu kuma su maƙale a siminti su yi tsatsa.

Mataki na 5: mai narkar da kwalta da roba

Idan akwai kwalta, ko man ƙyallin taya da ya ɗiga ya daskare, ruwa da sabulu ba za su iya ba. Ana amfani da wayit sifirit, wato man nan marar launi da masu fenti ke tsinka fentin mai da shi, ko abin cire kwalta da aka yi da man ɓawon lemu. Wannan matakin na tangaran da fosilin ne.

Kada ka tuttula shi a ƙasa. Ka zuba kaɗan a tsumma, ka ɗora tsumman a kan tabon na minti biyu ko uku, sannan ka goge daga gefe zuwa tsakiya don kada ya faɗaɗa. Ka riƙa juya tsumman zuwa wuri mai tsabta. Da ka gama, ka wanke wurin da ruwan sabulu, domin man yana barin santsi mai kayar da mutum.

Ƙofa a buɗe, ba sigari, ba janareto a kunne, ba wata wuta kusa. Tururin irin waɗannan mayuka ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa ya riƙa bin daɓe, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Saboda haka ne ma ban yarda a yi wannan aikin da fetur ba ko kaɗan, duk da an san yana narkar da kwalta. Haɗarinsa a rufaffen wuri ya fi ƙarfin tabon taya nesa ba kusa ba. Tsummokin da ka yi aiki da su ka shanya su a waje su bushe kafin ka zubar.

Mataki na 6: kwaɓin da ke tsotso tabo

Wannan na tabon da ya shiga ciki ne, a dutse, tayil mai sha, ko fosilin mai ƙyalli. Dabarar ita ce a sa ruwan da zai narkar da tabon a cikin ramukan, sannan gari ya jawo shi waje yayin da yake bushewa. Ka sami bekin soda ko farar hodar talk, ka kwaɓa da kauri yadda ba zai zuba ba. Idan tabon na maiƙo ne, mai duhu, ka kwaɓa da wayit sifirit. Idan ruwan ƙasa ne ko rawaya a kan farin tayil, ka kwaɓa da haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Ɗaya za ka zaɓa, ba a haɗa su.

Ka shafa shi kaurin rabin santimita, ya zarce gefen tabon kaɗan. Ka rufe da leda, ka liƙe gefuna da salatif, ka huda ƙananan ramuka biyu ko uku. Ka bar shi awa 24, sannan ka cire ledar ka ƙyale shi ya bushe da kansa har ya fara tsagewa, wanda zai iya ɗaukar wani yinin. Bushewar ita ce aikin, wanda ya kankare shi da danshi ya yi asarar wahalarsa. Ka ɓamɓare da katin filastik, ka duba ƙasan garin: idan ya ɗauki launi, tabon yana fita, sai ka sake. Idan ka yi sau uku garin yana fitowa fari tas kuma tabon bai motsa ba, ka tsaya haka.

Layukan siminti

Simintin da ke tsakanin tayil ya fi tayil ɗin shan datti, kuma sau da yawa shi ke sa wuri ya ci gaba da yin duhu bayan an wanke. Ka narkar da garin wankin nan mai iskar oksijin a ruwan ɗumi, ka zuba a layukan, ka jira minti 10 zuwa 15, ka bi su da ƙaramin buroshi. Mai injin wankin mota zai iya amfani da shi, amma da bakin da ke baza ruwa, daga nisan kamar santimita 30, kuma kada ya tsayar da shi a kan layi, in ba haka ba zai tono simintin.

Abu biyu a nan ba wasa a cikinsu. Kada a haɗa bilic, ruwan nan da ake faranta tufafi da shi, da wani abin wanki, musamman mai asid ko mai amoniya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Bilic ɗin ma ba ya narkar da roba ko maiƙo, don haka ba shi da wani amfani a kan sawun taya. Na biyu, asid ɗin da masu gini ke cire ragowar siminti da shi yana cin layukan, yana ƙona mabul, kuma ba ya taɓa roba. Wasu ruwan wanke wilin mota da na cire tsatsa ma suna ɗauke da asid na fulorayid, wanda ke cinye ƙyallin tangaran da fosilin kansu. Kasancewar kwalba tana cikin gareji ba ya nufin ta dace da daɓensa.

Idan tayil ɗin na filastik ne

Masu tauri na PP ba su cika shan tabo ba. Mataki na 2 da na 3 sun wadatar, kuma kana iya ɓalle su ka fitar waje ka wanke. Na PVC ne matsalar. Shi kansa PVC mai laushi yana ɗauke da mayukan da ke sa shi lanƙwasuwa, sinadaran taya kuma suna narkewa a cikinsu su ratsa jikin tayil ɗin. Baƙin sama zai fita da sabulu da buroshi, amma rawayan da ke ƙasa ya zama jiki. Asiton, irin na goge jan farce, da tinar fenti mai ƙarfi ba za su cire shi ba, narkar da fuskar za su yi ta koma danƙo. A ganina ɓata lokaci ne a yi ta fama da shi. Ka ɓalle tayil huɗun ko takwas ɗin da suka ɓaci, ka musanya su da waɗanda ke ƙarƙashin kanta ko a lungu, ko kuma ka sayi baƙaƙe ko ruwan toka mai duhu ka jera a layin da taya ke bi. Idan aka jera su da tsari sai su zama kamar ado, kuma suna nuna wa direba inda zai tsaya.

Don kada ya dawo

Ka sa wani abu tsakanin taya da tayil a wurare huɗun da mota ke kwana: guntun falanki, ragowar tayil mai duhu, ko kafet da bayansa ba roba ba ne. Wannan sharaɗin na ƙarshe yana da muhimmanci, don shimfiɗar baƙar roba tana ɗauke da irin sinadaran da ke cikin taya, za ta bar maka tabo mai faɗin kanta. Bayan doguwar tafiya, in da hali, a bar mota a waje ta ɗan huce kafin a shigar da ita. A daina murza sitiyari mota tana tsaye cak. Ko da tafiyar kunkuru ce, a bari tayar tana juyawa. Wanda ke shafa wa taya man ƙyalli ya yi a waje, ya goge rarar, ya bari ya bushe. Motar da za ta daɗe a ajiye kuma a riƙa ɗan gusar da ita.

Idan sabon tayil ne kuma ka ga yana kama sawu fiye da kima tun makon farko, ka duba ko ragowar simintin layi ne ya bar hazo a fuskarsa, ko kakin da wasu masana'antu ke shafa wa fosilin mai ƙyalli don kada ya karce a hanya ba a wanke shi ba. Taya tana manne wa wannan hazon ne, ba tayil ɗin ba, kuma akwai abin wanki na musamman ga kowannensu. Bayan an cire shi wuri ya bushe sarai, sai a shafa wa layukan siminti, da dutse, da fosilin mai ƙyalli ruwan toshe ramuka irin wanda ke shiga ciki, ba mai kwanciya a sama kamar fenti ba, domin mai kwanciya a sama taya mai zafi tana ɗaye shi. A goge rararsa kafin ta bushe, a kuma hana mota shiga har tsawon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin ya cika.